Aron da Malam Isiyaku ya bari a ɗakina

Malam Isiyaku ya rasu.

Da safiyar yau labarin ya same ni, ina tsugune gaban murhu ina dama koko. Maman Blessing ce ta kira ni, mai shagon fotokwafi da ke jikin shagonsa a Kazaure. Ta ambaci sunana sau biyu a waya. Da ta samu bakin magana, ta ce ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a bakin gado ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na sake faɗa, ludayi yana hannuna. Kokon nan dai ba wanda ya sha shi.

Tun da na dawo gida daga gaisuwa nake son in rubuta wani abu a kansa, ina rubutawa ina gogewa. Ku yi haƙuri da ni, rubutuna a hankali yake tafiya, kuma yau jikina duk a mace yake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mai gyaran kwamfuta ne, yana da ɗan shago a Kazaure. Amma mu matan Roni ba a shago muka san shi ba. Shekarun baya, duk Asabar da Lahadi yakan hau mashin ɗinsa ya zo ya koyar da ajin yaƙi da jahilci na mata, a wani ɗakin firamare da rufinsa ke yoyo. Na haura arba'in kafin in fara riƙe fensir, kuma a hannunsa na fara. Na girme shi nesa ba kusa ba. Yana ce mini Gwaggo, ni ina ce masa Malam.

Bai taɓa yi mana gyara da jan biro ba. Ya lura muna ɓoye littattafanmu a ƙarƙashin hijabi don kada 'ya'yanmu su gani su yi mana dariya, sai ya koma yin gyara da fensir. Ya ce kowa ta duba kuskurenta, ta gane, ta goge kafin ta isa gida.

Ni wannan kaɗai ya isa in yi masa addu'a har in mutu.

Amma abin da ya hana ni zama yau wani ne daban, kuma shi nake son in faɗa muku.

Ina da 'ya, autata, Zulai. Tun da ta yi ƙyanda tana ƙarama idanunta ba su koma daidai ba. Mun je Kano ba sau ɗaya ba, an ba ta tabarau, an ba ta magani na ɗigawa. Tana gani, amma ƙananan rubutu sai ta kai shi har bakin hancinta. In yamma ta yi, sai an riƙe mata hannu a tsallaka titi. Shekararta goma sha tara, ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da ni ba. Ko bikin dangi aka tafi, tabarmata tana jikin tata. Mutane suna cewa na cika tsoro. Ban musa ba.

Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, wannan ba ni na faɗa ba, malamanta ne. Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, ba ta samu makin da ake nema ba. Ba don ba ta san amsa ba. Ba ta saba da kwamfuta ba, kafin ta gane inda za ta danna lokaci ya ƙare. Ta dawo ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Sai yayanta da ke harkar hatsi a Babura ya samo mata laftof ta hannu, 'yar ƙarama, aka zuba mata tambayoyin gwaji a ciki don ta riƙa koyo. Muka yi murna. Ashe murnar ba ta da nisa. Fuskar laftof ɗin ba ta fi faifai ba. Zulai za ta duƙa a kanta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kafin rabin awa hawaye na zuba, kai na sara. In ta ƙara girman rubutun, tambaya ɗaya sai ta cika fuskar, amsoshin su gudu ƙasa, ta yi ta ja sama da ƙasa har ta manta abin da aka tambaya.

Ni kuma ina zaune a gefe ina kallo. In na ce ta bari, na hana ta karatu. In na ce ta ci gaba, ina tsoron ɗan ganin da ya rage ya tafi.

A haka na ɗauki laftof ɗin na nannaɗe a zani na tafi wurin Malam. Abin da na je nema ma abin dariya ne. Na ce ya cire wannan ƙaramin gilashin ya sa mata babba, kamar yadda ake canza gilashin taga.

Bai yi dariya ba. Ya ce ba a yin haka, amma in zauna, akwai wata dabara.

A bayan shagon akwai wasu manyan kwamfutocin tebur guda uku da ya saya a gwanjon wani ofis, irin waɗanda komai nasu yake haɗe a bayan gilashin, ba su da akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, yana juya bayansu yana leƙawa da tocilan ɗin wayarsa. Ya ce ba kowacce ke karɓar hoto daga waje ba. Yawancinsu rami ɗaya gare su, na fitar da hoto, ko wuni za ka yi kana soka waya ba abin da za ka gani. Ta farko babu. Ta biyu babu. A ta ukun ya ce alhamdu lillahi. Ita tana da rami biyu, kamanninsu ɗaya, ɗaya na fita, ɗaya na shiga.

Ya ce cikinta ya lalace, ba ta iya tashi da kanta, yana jiran wani abu daga Kano ya gyara ta. Amma fuskarta lafiya lau.

Ya ɗauko wata baƙar waya mai faffaɗan baki, ya soka ɗaya gefen a laftof, ɗayan a bayan babbar. Ya danna wani maɓalli a ƙasanta, ya danna wasu biyu a laftof ɗin. Sai ga duk abin da ke cikin ƙaramar ya bayyana a babbar, faɗinta ya kai tire na biki.

Na tsorata. Na tambaye shi ko karatun Zulai ya zube ke nan ya koma cikin tasa, in aka raba su ta rasa.

Ya ce, "A'a Gwaggo. Ɗakin yana cikin ƙaramar, wannan taga ce kawai muka faɗaɗa. In kin cire waya, tagar ce ta rufe, kayan ɗaki suna nan."

Ya leƙa shagon Maman Blessing ya aro jan farce, ya ɗiga a saman ramin da ake sokawa don kada mu rikice. Sannan ya sa ni na yi da hannuna sau uku, in soka, in danna, in cire. Ya ce ba Zulai zai koya wa ba, ni zai koya wa, don ya san ni, in abu ya tsaya ba na iya jira.

Na tambayi abin da zan bayar. Ya ce ba ta sayarwa ba ce tukuna, aro ne. Shi da kansa ya ɗaura ta a bayan mashin ya kawo ta Roni da la'asar.

Ranar da Zulai ta fara zama gabanta, ta jingina bayanta da bango. Ban taɓa ganinta tana karatu a jingine ba. Tambaya da amsoshinta huɗu duk suna gabanta lokaci guda, manya-manya, har ni daga bakin ƙofa ina iya haɗa baƙaƙen. Ta yi awa biyu ba ta murza ido ba. Na fita tsakar gida na yi ta share wurin da na riga na share.

Daga nan gidanmu ya koma bin wuta. Da an kawo ta, ko wanke-wanke Zulai take yi sai ta tsame hannu ta zauna, ni in ƙarasa. Da an ɗauke, in ruga in zare komai daga bango, don Malam ya ce in wuta ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona ta. Da hadari ya taso ma haka. Kayan mutane ne, ba na barci da su a soke.

Har na yi ɓarna saboda tsabar kulawa. Na ga hayaƙin murhu yana shiga ɗakin, sai na ɗauko lallausan bargon da nake rufe kwanukan jerena da shi, na lulluɓe bayanta ruf, fuskar kawai na bari. Kwana biyu sai ta fara ɗaukewa da kanta ana cikin karatu, bayanta zafi kamar tukunya. Na kira shi ina kuka, na ce na kashe masa kwamfuta. Ya zo, ya ɗaga bargon, ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Gwaggo, ita ma numfashi take yi. Waɗannan ƙananan ramukan hancinta ne. Ke in an toshe miki hanci da bargo, tambaya nawa za ki amsa?"

Zulai ta yi dariya har ta faɗi a tabarma. Ni ma na yi, ina share hawaye. Ya sha ruwa, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce ya bar shago a buɗe.

Haka yake. Kullum ya bar wani abu a buɗe saboda wani.

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne. Ɓera ya gwigwiyi baƙar wayar, hoton ya riƙa rawa, na je ya ba ni wata. Na same shi a zaune ya dafe goshi, ga kunu a kofi ya huce bai sha ba. Ya rame. Na ce Malam ka je asibiti, ya ce gajiya ce, in an sha iska za ta wuce. Na ce masa na ji nauyi, wata biyar ke nan kwamfutarsa tana ɗakina, ga abin gyaran ma na ji ya zo. Ya ɗaga hannu.

"Sai ta gama jarrabawa. Kafin nan ta gidanku ce. Ranar da sakamako ya fito, ke za ki karanto mini da bakinki, ba Zulai ba."

Daga ni sai shi a shagon. Ba wanda ya ji.

Yau saura kwana goma sha biyu a yi jarrabawar.

Da na ajiye wayar Maman Blessing, na shiga ɗaki in ɗauki hijabi, sai idona ya faɗa kan kwamfutar. An kawo wuta, Zulai tana gabanta, ba ta san abin da ya faru ba. A Islamiyya an karantar da mu, ran da mutum ya cika, ko allurarsa ta tashi daga tasa ta koma ta magada. Malam ya bar mata da yara uku, babbar ba ta gama firamare ba. Abin da ke haskaka fuskar 'yata tun daga asubar yau ba na Malam Isiyaku ba ne. Na marayu ne.

Na faɗa wa Zulai rasuwar. Ta kifa kai a gwiwa. Ina jin kukanta na miƙa hannu na kashe soket.

Maigidana yana shirin tafiya jana'iza, na tare shi da maganar. Ya ce in bari a share makoki tukuna. Ya ce mamacin da bakinsa ya ce har a gama jarrabawa, kwana goma sha biyu ba za su rage wa marayu komai ba, kuma ba wanda ya san tana nan balle ya tambaya. Ya ce in an gama sai a mayar, a yi godiya, shi ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta zauna mini. Na so ta zama gaskiya. Na zauna a bakin gado ina ta juya ta. Na ce ai alkawari ya yi. Sai wata zuciyar ta ce wa ya ji? Ke kaɗai, kuma ke ce mai amfana. Na ce ai kallo kawai ake yi, kallo ba ya cinye abu. Sai na tuna wutar garinmu. In ta dawo da ƙarfi gobe ta ƙona ta, wa zan je in ba haƙuri? Wanda zai ce ba komai Gwaggo yana cikin likkafani.

Kuma wannan kalmar, ba wanda ya sani, ita ta fi tsorata ni. Duk abin da sai an ce ba wanda ya sani kafin ya yi daɗi, ni ba na iya kwana da shi.

Maigidan ya gaji da ni ya hau mashin ya tafi. Ya ce in yi abin da na ga dama, ai dama ba na jin magana in tsoro ya kama ni.

Na zare wayoyin. Na goge fuskar da tsumma mai laushi. Zulai ba ta ce mini kada in yi ba, kuma ba ta taya ni ba. Ta tsaya a jikin bango tana kallo, sai da na gama ɗaurewa ta ce, "Inna, shi ke nan kuma bana ma." Ba tambaya ta yi ba.

Ni da Zulai muka shiga mota zuwa Kazaure, kwamfutar a cinyata na rungume ta, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a haƙarƙarina. Wata mata a gefena ta tambaya ko talabijin ce ta amarya. Na ce a'a, gaisuwar mutuwa za mu. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin.

Sai da muka isa ƙofar gidan na gane yadda abin yake a ido. An dawo daga maƙabarta, maza sun cika tabarmi a waje, ga ni na ratso da ƙaton kaya a ka kamar mai talla. Na hango maigidana ya sunkuyar da kai. Na ji kunya, amma ba halin komawa.

A ciki mata sun cika tsakar gida. Na sauke kayan a bakin ƙofar ɗaki, muka shiga muka gaida matarsa, Sa'a. Tana zaune a ƙasa an lulluɓa mata mayafi, ƙaramin yaron yana barci a ƙafarta. Idanunta sun bushe, irin bushewar da ta fi kuka ciwo. Na yi mata gaisuwa, na yi addu'a, sannan na ce akwai amanar Malam a wurina, na kawo.

Ta ce wace amana? Ashe ba ta ma sani ba.

Na ba ta labari a gajarce. Ta ce ita ba ta da ta cewa a kayan gado, a kira Yaya. Aka kira yayan mamacin, Alhaji Sale, dattijo ne mai sayar da taki a Gwiwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, na sake maimaitawa, har da maganar da Malam ya yi mini makon jiya. Na ce na faɗa ne don kada in rage komai, ba don a yi aiki da ita ba, tunda ba ni da shaida.

Ya ja carbi. Ya ce bai ƙaryata ni ba, wannan halin ƙaninsa ne sak, ba mamaki akwai kayansa a gidaje goma da ba za su taɓa dawowa ba. Ya ce Allah ya saka mini. Amma gaskiya ɗaya ce, tunda ta shigo gida, shi ba zai iya sa hannu a fitar da kayan marayu ba kafin a yi rabo, ko da na kwana ɗaya ne. In wani abu ya same ta a waje, shi za a tambaya, a nan da can.

Na ce haka ne, Alhaji. Abin da na zo yi ke nan. Na ji Zulai ta ja numfashi a bayana.

Har mun yunƙura za mu tashi, Sa'a ta ɗago. Ta tambayi Zulai saura kwana nawa. Zulai ta faɗa. Sai ta juya wajen ƙofa.

"Yaya, ni ba ni da tumunin gado a cikinta?"

Ya ce tana da shi mana.

"To a jingina ta a ɗakin nan. Yarinya ta zo ta kalli tumunina. Ba a fitar da ita ba, ba a ba kowa ba. Ni wata huɗu da kwana goma zan yi a cikin bangon nan, gara in riƙa jin motsin mutum."

Wata tsohuwa a gefe ta yi dariya ta toshe baki. Alhaji Sale ma sai da gemunsa ya motsa. Ya ce in dai a ɗakin za ta zauna, a gaban uwar yaran, shi a matsayinsa na waliyyinsu ya yarda, kuma gidan akwai sola, ba ruwanta da haukan wuta.

Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai ce ban yi murna ba.

Don na san abin da ke biye. Daga Roni zuwa Kazaure kullum, safe da yamma, yarinyar da ba ta ganin mashin sai ya zo dab da ita? Ba zai yiwu ba. Ni kuma ba zan bar gida kwana goma sha biyu ba, ga surukata kwance ba ta tashi, ni ke juya ta. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma Sa'a ta faɗe ta kafin in buɗe baki. Ta ce a bar mata Zulai.

Na fara kawo dalilai. Na ce ba ta saba ba. Na ce maganin idonta sau uku ne a rana, kuma ba ta iya ɗiga wa kanta. Na ce da magariba ba ta ganin bakin rijiya. Na ce gidan makoki ne, ba a ƙara wa mai takaba nauyi. Sa'a ta bar ni na gama. Ta ce rijiyarsu da murfi, kuma wadda ta yi shekara tara tana ɗiga wa Isiyaku magani a ido in ƙurar kwamfuta ta shige masa, ba za ta kasa da Zulai ba.

Aka aika waje aka tambayi maigidana. Ya aiko cewa ya amince, in uwarta ta amince. Ya san inda ya jefa ni.

Na juya na dubi Zulai. Ina jira ta ce Inna ba zan iya ba, in samu abin riƙewa. Ba ta ce ba. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin hijabi, ta ce a hankali, "Inna, zan iya."

Ni ce ban iya ba. Amma na ce to.

Na kwance ƙunshin da hannuna, na jingina kwamfutar a kan teburin Malam, na ja ta baya kaɗan daga bango don ta samu iska. Ba za a kunna ba sai an yi sadakar uku, haka muka yi da Sa'a. Kafin nan Zulai za ta taya su aikin baƙi. Na nuna wa Sa'a yadda ake zare komai in hadari ya taso. Na faɗa mata sau biyu. A na ukun ta riƙe hannuna ta ce, Gwaggo, je ki gida.

A mota na zauna a kujerar da na zauna da safe. Cinyata ba komai, gefena wani mutum ne da buhun barkono.

Yanzu ina ɗaki. Na haɗa mata kaya a jaka, laftof ɗin, tufafi kala huɗu, maganin ido, silifas ɗinta na wanka. Gobe da sassafe babanta zai kai. Na kira ta sau uku tun da na dawo. A na ƙarshe ta ce tana wanke kofuna ne, in bari sai an jima. Na ce ta kula da matakalar bakin ɗakin girki, na ga tana da tsayi. Ta ce ta gani.

Ta ce ta gani. To.

Ban san me jarrabawar nan za ta haifar ba. Ban san yadda zan yi da daren yau ba, balle sauran. Na gaji, ƙafafuna sun kumbura, kuma har yanzu in na rufe ido ina ganinsa yana leƙa bayan kwamfuta da tocilan.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ya rufa mana asiri muna manya ba mu san baƙi ba, ka rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka ba Sa'a haƙuri da ƙarfin zaman da ke gabanta, ka raya yaransa, kada ka bar su su nemi abu a hannun wanda zai wulaƙanta su.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kada ku wuce haka. Ko ba ku san shi ba, ku yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Matan ajinmu na Roni, duk wadda ta iya karanta wannan da idonta ta san wanda za ta yi wa addu'a. Wanda kuma yake da kayan Malam a gidansa, waya ce, caja ce, ko mene ne, ya kai wa Alhaji Sale, akwai yara uku a bayansa.

In kun gama tasa, ku saka Zulai a ciki. Ku saka ni ma, Allah ya ba ni ikon barin wayar nan ta huta zuwa safe.